Kada Kowa Shi Taɓa Risibar Ango

Laraba, hantsi. Kwana tara.

Badamasi yaz zo tun ban sha kunu ba. Ƙanen mijina marigayi na, amma tun da anka ruhe yayanai shike shiga gidanga kamar shi yag gina shi. Yat tsaya bakin ɗakin Ango shina leƙe, yac ce, "Tasallah, a kashe abin ga. Gida na cikin wanga hali, ga hitila na ci jikin akwatin kiɗi. Mi mutane za su ce?"

Nic ce, "Ka ji kiɗi?"

Yac ce, "Ban ji ba."

Nic ce, "To kunnenka lau shike. Bakin za ka nema ma magani."

Ba akwatin yak kawo shi ba, na sani. Sun zauna da liman sun yanke magana: in Juma'a ta uku daga yau ta zo babu wanda yag ga Ango da rai bayan harin da masu bindiga sunka kai ma matahiya, za a yi mai salla, a sa Rahma matatai takaba. Yac ce matacce na da hakki, a yi mai addu'a. Nic ce wane matacce? Mutum uku anka kawo ran Talata, anka ruhe su. Nawa ba a kawo shi ba. Babur anka kawo, da takalmi guda. Ni ban haihi babur ba.

Ango ɗana na, na hwari. Sunanai na yanka ba ni hwaɗi, ba ni rubutawa. Ango dai, kamar yadda gari ke ce mai tun bikinai.

Laraba, bayan la'asar.

Rubutun ga na ajin manya na, wata shida niy yi. Wanda bai iya karanta shi ba shi aje. Bari in hwaɗi mi abin ga shike, kada a ce tsohuwa ta zauce tana gadin ƙarhe.

Bara da rani yak kawo ta daga Kwatano. Rungume yat tsallako da ita cikin kwalekwale, ya naɗe ta da rigatai, shi ko rana na cin bayanai. Risiba, in ji shi. Baƙa ta, nauyi kamar dutsen niƙa. Tana da ɗiya biyar, sipikoki, yar rataye uku gaba biyu baya, da wani ƙato a ƙasa da shike ce ma wufa. In ƙaton nan yay yi gurnani, kwanonin Rahma rawa suke cikin kabad, ƙasar bango na zuba cikin miya. Yac ce, "Inna, ba ta alhazai ba ta, ba kuma ta bakin titi ba. Tsaka-tsaki." Nic ce hauka ba shi da tsaka-tsaki.

Ran da anka haɗa ta yaz zaunad da ni tsakiyar ɗaki yas sa fim. Sai nij ji ruwan sama ya sauko ta bayana, har da tsawa. Nir ruga waje in kwashe shinkahwar da na shanya. Rana tsaka, ko girgije babu. Shi da Rahma har ƙasa don dariya. Kwana biyu ban yi mai magana ba.

Ban taɓa sonta ba, yau ma ba ni sonta. Amma ta san wayatai. In ya iso zaure, tun bai kashe babur ba, sai ta yi kilin-kilin, sunanai shi hito bisa gilashinta da koren rubutu. Kullum ita ke riga sallamatai. Don haka kunne take tun Litinin ɗin da yat tahi, kunne kuma za ta zauna.

Alhamis, azahar. Kwana goma.

Wutar gwamnati ta yi sati uku ba ta leƙo unguwarga ba. Batirin sola da Ango yas sa shi muke ci, shi ma ya tsuhwa. Na hana hwanka, na hana ƙwan lantarki, na hana cajin waya. Hamsatu maƙwabciya ta zo da tata a sa mata, nic ce ta kai gidan da anka haihe ta.

Ma'azu bai zo ba yau ma. Abokin sana'ar Ango na, tare suke kai albasa tsallake, tare sunka hita ran Litinin. Shi ya komo Talata. Ya ce sun rabu a Illo tun kahin abin, bai san komi ba. Sau guda yaz zo jaje, ko zama bai yi ba. Mutumin da lomatai ta hi ta kowa girma cikin kwanon gidanga.

Juma'a, magariba. Kwana sha ɗaya.

Ba ta yi ba.

Asabar, rana tsaka. Kwana sha biyu.

Shegiyar aba ba ta son zahi. Da rana tat take sai nij ji ƙas, hitila ta mutu. Nit taɓa bayanta, ana iya gasa kihi. Sai da tah huce sannan tay yarda ta komo. Na ɗora ta bisa bulo biyu, na zauna ina mata hihita.

Rahma tat tsaya kaina, zuhwa har wuya, tac ce, "Inna, ni kin hana ni hwanka, ƙarhe kike ma hihita?"

Nic ce, "Ke in kin ji zahi ga gindin dalbejiya can. Ita ina za ta?"

Tac ce, "In ya zo ai shigowa za shi yi. Mi na ne sai ta hwaɗa maki?"

Ɗiyar yanzu ta, ba ta gane komi. In zauna ƙohwar gida ina leƙen hanya don ɗan hwari, gari na kallona? Masu jaje na zuwa, ban tambayi kowa labarinai ba, ba kuma za ni tambaya ba. Ni ina da kunya. Ita risiba ba ta da, ita ta yi jiran.

Lahadi, la'asar. Kwana sha uku.

Ba ta yi ba. Ta mutu sau biyu. Hannuna ya yi tsami.

Litinin, bayan azahar. Kwana sha huɗu.

Tun sahe tana mutuwa, jar hitila na ƙihtawa, alhali ko ɗumi ba ta yi ba. Na sa anka kira Bunyaminu mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Yab bi waya da hannu har bayan kabad, yac ce, "Gwaggo, ɓera na. Ya ci wayar sipikan baya, bakin biyu na taɓa juna, ita ko in ta ji haka kashe kanta take don kada ta ƙone."

Nic ce, "Ta hi wasu mutane hankali ke nan."

Ya naɗe wurin. Ina murna, sai nij ji kilin-kilin. Na miƙe har mahuci ya hwaɗi. Sai nig ga wani dogon suna bisa gilashi, ba nawa ba. Bunyaminu na riƙe da wayatai shina murmushi, wai gwadawa shike.

Nic ce, "Wa yas sa ka?"

Yac ce, "Ai ba komi, Gwaggo, waya takwas take riƙewa a kai. Kowace sabuwa ta shigo sai ta tura na da baya. Sai takwas sun shiga bayan ta Ango sannan za ta manta shi."

Nic ce, "Wato ka ci mani guda."

Yac ce, "Saura bakwai ai."

Nic ce, "Ubanka in shina da haƙora takwas aka cire guda, saura bakwai za ka ce mai?"

Da za shi hita yaj juyo yac ce, "Gwaggo, ki sani dai, waya tas sani, ba mutum ba." Na jehe shi da mahucin. Bai same shi ba.

Laraba, bayan azahar. Kwana sha shida.

Yau na yanke salla.

Shekarata sittin da ɗoriya ban taɓa yi ba, ko ran da kunama tah harbe ni ina raka'a ta biyu. Ina cikin ruku'u nij ji kilin-kilin. Ban san sadda nib bar darduma ba. Nit tarad da ɗan Badamasi, ƙato mai gemu mai ɗiya huɗu, shi da abokanai biyu, sun dunƙule gaban risiba. Wai za su sa ma masu jaje karatu. Na hwarko ya haɗa wayatai, karatun bai yi mai ba, na biyu ya haɗa, na uku ya haɗa. Biyun hwarko ina bakin randa ina alwala ban ji ba.

Uku. Da ta Bunyaminu huɗu.

Abin da nic ce masu ba ni rubuta shi cikin littahin da ke kwana kusa da carbi. Matan da ke tsakar gida sun ji, Hamsatu har tana toshe baki.

Badamasi yat taso daga zaure yac ce, "Subhanallahi, Tasallah, karatun Alƙur'ani kike kora?"

Nic ce, "Ba karatu nike kora ba, ku nike kora. Mai son karatu ga bakinai nan. Kai da ka yi shekara goma gaban malam, zauna ka ja mana ko izu guda mu ji."

Bai ja ba.

Na sa kwaɗo ga ɗakin, mabuɗi na bakin zanena. Na maido tabarmata ciki. Na rama azahar, Allah shi karɓa.

Alhamis, magariba. Kwana sha bakwai.

Ba ta yi ba.

Juma'a, magariba. Kwana sha takwas.

Saura Juma'a guda. Ba ta yi ba.

Asabar, hantsi. Kwana sha tara.

Batulu matar Badamasi ta aiko ma Rahma zane mara ado da kallabi, wai a aje kusa. Wai kuma ta hwara tsehe kanta tun yanzu kada ranar ta zo ana gaggawa. Na tarad da yarinya zaune da tsinke a hannu, ta warware kitso biyu.

Nic ce, "Wa yam mutu?"

Tak kama warware na uku.

Nic ce, "Ke nike tambaya, ɗiyar mutanen Kaoje. Wa yam mutu?"

Tac ce, "Inna, ni ban sani ba. Kowa na mani kallon wadda mijinta yam mutu. Ke ɗai ke mani kallon wadda ba ta iya dahuwa ba."

Nic ce, "To ba ki iya ba ɗin. Zo nan."

Ni nim maida mata kitson. Hannuna ya ƙage, ya hito karkace kamar kunyar makaho. Haka za ta yi yawo da shi. Zanen Batulu na shimhiɗa shi ƙarƙashin wufa, ƙasa na da sanyi wurin.

Litinin, la'asar. Kwana ashirin da ɗaya.

Ta yi.

Ina zaune ina tsince wake tay yi. Ban tashi ba sai da nik karanta, don an cuce ni sau biyu. A. N. G. O. Na sa yatsa na bi su ɗaya ɗaya. Sannan nir ruga, ba takalmi ba lulluɓi, wake ya watse. Zaure ba kowa. Waje awakin Hamsatu da mai tura ruwa can nesa. Na duba gabas na duba yamma. Kahin in komo ɗaki gilashi ya koma wayam.

Rahma ta tahi niƙa, ba ta ji ba. Na aika anka kira Badamasi. Yas saurara har niƙ ƙare, sannan yac ce, "Tasallah, kwana nawa rabonki da barcin kirki?"

Nic ce, "Ni ban yi barci ba, ita ma ƙarhen mahwarki take?"

Yac ce, "Allah shi ba mu haƙuri." Irin muryar da ake ma mai ciwon kai.

Na san abin da nig gani. Haruhwa huɗu na, ba ɗari ba.

Talata, azahar. Kwana ashirin da biyu.

Ba ta yi ba.

Rahma ta yarda da ni, amma ta yi tambayar da tah hana ni cin abinci. Tac ce, "Inna, in shi na, mi za shi hana shi shigowa gidanai?"

Tsinannen Bunyaminu. Da mahucin ya same shi.

Laraba, hantsi. Kwana ashirin da uku.

Ta sake yi. Wannan karon ban bi zaure ba. Na bi ta ƙohwar garka, na zagayo bayan danga a hankali kamar mai kamun kaza. Ga mutum tsaye jikin bangon zaure, goshinai manne da bango. Ya juya za shi tahi nic cahke rigatai.

Ma'azu.

Nic ce, "Hiddo ta."

Yac ce, "Inna, ina kwana."

Nic ce, "Ban kwana ba. Hiddo ta."

Yas sa hannu aljihu yah hiddo wayar Ango. Gilashin ya tsage ta gehe, da jar robar nan da Rahma tas saya mai. Sai ƙato yad durƙushe cikin kashin awaki shina kuka. Na ja shi cikin zaure don kada unguwa ta taru.

Abin da yah hwaɗi ba ni rubuta shi duka. Ba su rabu a Illo ba. Shi ya kwanta cikin ciyawa. Ango ya gan shi, bai nuna shi ba, yaj jeho mai wayar da ƙahwa. Bayan komi ya lahwa, rana ta yi sanyi, Ma'azu ya ga Ango. Tsaye. Ƙahwa guda ba takalmi. Su shida masu bindigar sunka tsallaka ruwa da su.

Nic ce, "Tsaye?"

Yac ce, "Tsaye, Inna, wallahi. Har shina ma wani tsoho hannu shi shiga jirgi."

Wai tsoro yaj ji, an ce duk wanda yay yi magana an san gidansu. Wai kullum shina mata caji ko za a kira. Wai shekaranjiya ya zo har nan ƙahwatai taƙ ƙi shiga.

Nic ce, "Kwana ashirin da uku kana yawo da ɗana cikin aljihu, ana auna ma matatai zanen takaba. Tuwon da kac ci gidanga, da kare nib ba da ya yi mani haushi."

Ban buge shi ba.

Alhamis, la'asar. Kwana ashirin da huɗu.

Wayar na ɗaki, sunan na bisa gilashi tun jiya bai gushe ba. Ba ni son kallonai haka. Suna na nan, mutum babu.

Rahma ta san lambar buɗewa. Tana ta latse-latse, sai ga muryatai ta cika ɗakin, gaba da baya, ko'ina. Wani tsohon saƙo na, shina ma direba masihwa ya bar albasa cikin rana. "Kai, amanar Allah, wagga albasa ta ko gasasshen nama?" Daidai bayan kunnena yah hito. Na waiwaya. Ni da na san komi, na waiwaya.

Na hita na tahi wanke tukunyar da anka riga anka wanke. Ita ta sa shi ya hi sau goma. Abin banza abin wohi, wanda yaƙ ƙera shi Allah shi saka mana.

Juma'a, kahin masallaci. Kwana ashirin da biyar.

Sun zo, liman da Badamasi da dattawa uku. Na sa anka zo da Ma'azu tun hantsi na zaunad da shi zaure, ni ina bayan ƙyaure. Da yah hwara inda-inda nib buga ƙyauren da muciya, sai magana tam miƙe. Liman ya sa shi ya maimaita sau biyu, ya tambaye shi yaushe yag ga Ango, kahin a watse ko bayan an watse. Yac ce bayan. Liman yac ce, "To babu salla, babu takaba. Matar mutum ta, tana nan matsayinta."

Da sunka tashi Badamasi yat tsaya. Ya daɗe shina murza hula. Yac ce, "Tasallah, ki yahe mani. Wallahi don shi nike yi."

Nic ce, "Na sani. Amma yahiya ba ta tsallaka ruwa, kai za ka tsallaka. Kana jin Dandanci, yaren tsallake, surukanka na can. Ubanai ya mutu, kai na ubanai. Ka ɗauki wanga matsoraci shi nuna maka inda anka sauke su, ku bi gari gari kuna tambaya."

Yac ce, "Da wagga ƙahwa tawa?"

Nic ce, "Ta iya kawo ka gidanga kullum tun ban sha kunu ba."

Yay yi dariya, sannan yas share ido da hular. Jibi za su tahi.

Asabar, bayan azahar. Kwana ashirin da shida.

Mun yi da Rahma. Na ce da wayar za a tahi. Hotonai na ciki da za a nuna ma mutane, lambobin waɗanda shike ciniki da su tsallake duk suna ciki. Tar riƙe ta da hannu biyu tac ce, "In ta ɓace can hwa? In rasa shi, in rasa muryatai?"

Nic ce, "Murya ba ta cin tuwo."

Tac ce, "Ke dutse ta, Inna."

Nic ce, "Awo."

Ta shige ɗakinta da ita. Ban bi ta ba. Da la'asar tah hito, ido jajir, ta goge wayar da bakin zane, ta sa ta leda da cajarta, ta aje gabana.

Lahadi, hitowar rana. Kwana ashirin da bakwai.

Ma'azu yaz zo da babur, Badamasi da buta da ƙullin goro. Na kira Ma'azu bakin ɗaki na ba shi ledar. Nic ce, "Saurara da kyau. In kun same shi, ka sa mai ita aljihu, kunne, shi shigo da abinai. In kun komo babu shi, ka kashe ta tun daga Illo. Ka shigo da sallama kamar kowa, ka hwaɗa mani da bakinka. Kada ka sake sa ni gudu."

Yac ce, "To, Inna."

Nic ce, "Maimaita."

Ya maimaita.

Ban raka su ba. Ina gaban gilashi, sunan na nan kore shar. Ina jin Badamasi na ma Ma'azu hwaɗa shi matsa gaba ya danne mai riga. Babur yat tashi. Ko kwanar masallaci ba su kai ba sunan yaɗ ɗauke.

Rahma na bayana, ban san sadda tash shigo ba. Tac ce, "Inna, matsa in zauna."

Nim matsa.